Yadda Babba Zai Kai Yara Wurin Wasa a Katsina Ranakun Sallah

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya san cewa a wurin yaro Sallah takan fara ne bayan an sauko daga Idi. Daga nan ne ake yawon gidajen dangi da sabon ɗinki, ana cusa goron Sallah cikin aljihu, a je kallon dawaki a Ƙofar Soro, sannan a ƙare a wurin lilo. Waɗanda suka hau lilon ƙarfe a shekarun 1980 da 1990 su ne a yau iyaye da kawunnai da gwaggonni, wasu ma har sun fara ɗaukar jikoki, kuma yanzu a kansu nauyin kai yara wurin wasa ya faɗo. Aikin yana da dabarunsa. Wanda ya shiga wurin yana neman yarintarsa da ta wuce yakan fito da gajiya da ɓacin rai, amma wanda ya yarda cewa matsayinsa ya sauya, daga mai hawa zuwa mai riƙon jaka da tsaro, yakan fito cikin raha, yaran kuma su samu labarin da za su daɗe suna bayarwa.

Abu na farko da za ka duba shi ne yanayin da Sallar ta faɗo a ciki. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah tana zagaya damina da hunturu da bazara, sai bayan kusan shekara 33 take komowa inda ta taso. Ƙaramar Sallar 1992 ta zo ne a farkon Afrilu, ta 2025 kuma a ƙarshen Maris, ka ga wanda ya yi waccan yana ɗan shekara takwas ya tarar da wannan yana da arba'in da ɗaya, cikin zafi iri ɗaya amma da jiki daban. A Katsina zafin Maris zuwa Mayu yakan kai digiri 40 har ya wuce, kuma ƙarfen abin zamiya da kujerun lilo da suka wuni a rana suna iya ƙona cinyar yaro. Idan Sallar bazara ce, ku fita da hantsi ku dawo kafin azahar, ko kuma ku jira a yi la'asar. Idan hunturu ne, ka sa wa masu asma da masu mura takunkumi saboda ƙura, ka kuma shafa wa ƙanana mai a leɓe da ƙafa. Da damina kuwa, ka dubi gabas kafin ka biya kuɗin shiga, domin hadari yana rufe wasa cikin ɗan lokaci kuma ba kasafai ake mayar da kuɗin tikiti ba.

Ranar Sallah kanta ba ta dace ba, a ganina. Ranar gaisuwa ce da abinci da kallon hawa, kuma a shekarun da aka yi Hawan Bariki washegari, hanyoyin da Sarki zai bi sukan cika maƙil, haka ma a Daura ranar Hawan Magajiya. Kwana na uku ko na huɗu ya fi sauƙi, lokacin da layi ya ragu kuma yara sun gama tara abin da za su tara.

Batun kuɗi yana buƙatar a zauna a kansa tun a gida, domin a nan ne tunanin zamanin da ya wuce yake yawan yaudarar babba. Wanda ya hau lilo da sulalla yana tuna lokacin da takardar naira 50, wadda ta fito a 1991, ita ce babbar takarda a ƙasar. Naira 100 ba ta fito ba sai 1999, naira 1,000 kuma sai 2005. Idan ka tsaya a bakin ƙofa kana kwatanta farashin yau da na wancan zamani, ranka ne kawai zai ɓaci, mai sayar da tikiti kuma ba shi ya kawo tsadar ba. Ka tambayi wanda ya je kwanan nan nawa ake shiga, nawa ake hawa kowane abu, domin a wurare da yawa kuɗin ƙofa daban ne, kuɗin hawa daban. Sai ka kasa kuɗinka uku, na shiga da hawa, na ci da sha, da na mota wanda ba za a taɓa shi ba ko da wane irin kuka aka yi. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda ranar cunkoso turawa ta waya da na'urar POS sukan ba da wahala. Yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas, ka bar masa wani abu daga goron Sallarsa ya riƙe da kansa, ya zaɓi abin da zai hau, ya miƙa wa mai tikiti da hannunsa, ya ƙirga canji. Rabin daɗin da muke tunawa daga wannan ikon ya fito, ranar da yaro ya ji cewa kuɗinsa ne kuma shawararsa ce.

Kafin ku fita daga gida ka ƙirga yaran da babbar murya, kowa ya ji adadin. Babba ɗaya bai kamata ya ɗauki ƙanana fiye da uku ko huɗu shi kaɗai ba, kuma 'yar shekara goma sha biyu ba za a lissafa ta cikin manya ba, domin ita ma wasa ya kawo ta, zalunci ne a goya mata ƙane wuni guda tana kallon sa'o'inta. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane ƙarami, ka ɗauke su hoto a ƙofar gida da kayan da ke jikinsu. Ranar Sallah yara ɗari suna iya sanye da shadda mai launi ɗaya, 'yan mata kuma da atamfar da ta yi tashe a shekarar, ta yadda idan yaro ya ɓace maka, cewa yana sanye da farar shadda ba zai taimaki mai gadi da komai ba. Da kun shiga, ka nuna musu wuri guda tsayayye, kamar gindin wata bishiya ko rumfar mai tikiti, ka ce duk wanda bai gan ka ba ya je can ya tsaya, kada ya fita ƙofa, kada ya bi kowa.

Akwai abin da ya shafi suturarmu wanda ba a cika faɗa ba. Dogon hijabi da gyale da ɗankwali mai jela suna iya shiga cikin sarƙa ko ƙafar injin da ke juyawa. Kafin yarinya ta hau, a tattare hijabin a cusa shi ƙarƙashinta ko a ɗaure shi a gaba, a kuma cire wa yaro hula da silifas ɗin da iska za ta iya ɗauka, domin yakan miƙa hannu ya bi su ba tare da tunani ba. Kai ma ka bar babbar riga a gida, ka sa kaftani marar nauyi da takalmin da za ka iya gudu da shi.

Kada ka biya kuɗin hawa kowane inji sai ka tsaya ka kalli zagaye guda cikakke daga farko har ƙarshe. Ka dubi mai kula da shi, shin yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana gwada ƙarfen kariya da bel, ko hankalinsa yana kan waya. Ka saurari ƙarar injin, ka dubi wuraren walda ko akwai tsagewa da tsatsa, ka dubi wayoyin da suka taso daga janareta ko suna kwance a ƙasa a buɗe inda yara ke takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Idan an rubuta iyakar tsawo, ka bi ta, kada ka roƙi alfarma. Ana auna tsawo maimakon shekaru ne saboda ƙarfen kariya an yi shi daidai wani girman jiki, ƙaramin da bai kai ba yana iya sulalewa ta ƙarƙashinsa. Gidan roba da ake hura wa iska yara su yi tsalle a ciki yana da kamar marar haɗari, amma dole ya kasance a ɗaure da turaku a ƙasa, a sauke yara idan iska ta taso, kuma kada a haɗa ɗan shekara uku da ɗan shekara goma a ciki, saboda karo yana yawan jawo rauni a nan.

Sai kuma jikinka. Da yawa daga cikin manya sukan yi mamakin cewa lilon da suka saba hawa sau da yawa a jere yanzu zagaye ɗaya yake sa su jiri da tashin zuciya. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu ruwa, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin kai. Idan aka juya mutum sannan aka tsaya, ruwan yakan ci gaba da motsi na ɗan lokaci, kunne ya ce ana juyawa, ido ya ce an tsaya, wannan saɓani shi ne jirin. Yara ma suna jinsa, sai dai su kullum cikin tsalle da juyi suke, babba kuwa ya shekara ashirin bai juya ba, ga shi daidaiton jiki yana raguwa da shekaru, ga wuya da baya da ba sa son fizga. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon baya ko wuya, da mace mai juna biyu, su nisanci duk abin da ke fizga ko juyawa da sauri. Wanda ke shan maganin hawan jini ya lura cewa zafi da ƙishirwa suna iya sa shi jiri idan ya miƙe farat ɗaya. Idan kana da lafiya kuma kana sha'awa, ka zaɓi abu mai tafiya a hankali, kamar ƙaramin jirgin ƙasa ko babban lilo mai hawa sama sannu-sannu, kada ka hau da cikakken ciki, ka kafa idonka a kan abu mai nisa. Hawa ɗaya tare da yara ya isa, kuma shi ne za su fi tunawa a duk wunin.

Abin da zai fi taɓa zuciyarka shi ne ƙanƙantar wurin. Filin da kake tunawa ba shi da iyaka za ka ga taku kaɗan ya ƙare shi, abin zamiyar da ka taɓa tsayawa a samansa gabanka na faɗuwa bai wuce kafaɗarka ba. Hasumiyar Gobarau ma, wadda tsawonta bai wuce kimanin mita 15 ba, yaron da ya ɗaga kai ya dube ta yana ganin ta taɓa sama. Idon yaro daga ƙasa yake kallo, kuma yaron da ke riƙe da hannunka yanzu da wannan idon yake ganin wurin. Saboda haka ka kame bakinka daga cewa wannan ai ba komai ba ne, na zamaninmu ya fi. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma babban da ya wuni yana kushe bana a gaban yara ya rage musu daɗin ranar da suka yi wata guda suna jira.

Wannan ba ya nufin ka ɓoye tarihinka. Lokacin ba da shi ne ake zaɓa, kuma babu lokacin da ya fi tsayuwar layi, sa'ar da yara suka fara gundura. Ka faɗa musu yadda ake yin motar kara, a fere ɓargon ya zama ƙafa, a soke da tsinke, a ja da zare har bakin kasuwa. Ka kwatanta musu langa da carafke da 'yar gala-gala, da gaɗar da 'yan mata ke yi a dandali da farin wata, da tashen watan azumi, da yadda zuwa Gidan Zu na Audu Bako a Kano yake zama tafiyar da ake shekara ana labarinta. Ka faɗi abin da ka saya da kuɗinka na farko, tuwon madara ne ko gullisuwa ko ƙanƙara mai launi da ke rina harshe. Yara suna son irin wannan dalla-dalla fiye da wa'azi. Idan akwai mai yawan tambaya a cikinsu, ka gaya masa cewa babban lilo mai kama da ƙafar keke wani injiniya ne mai suna George Ferris ya gina irinsa na farko da ya yi suna, a birnin Shikago na Amurka a 1893, tsawonsa kimanin mita 80, wato ya ninka Gobarau sau biyar.

Al'adarmu ta riga ta tanadi hanyar karɓar tsufa da dariya, wato wasan jika da kaka, kuma wurin wasa fili ne mai kyau gare shi. Jika yakan ja hannun kakarsa ya ce, "Hajiya, zo mu hau, ko tsoro kike ji?" Ita kuma ta ce, "Kai mai gidan, wane irin miji ne ba ya ba da kuɗin cefane sai jan mutum zuwa lilo? Je ka hau, ina nan ina kallon jarumtar taka." Kaka namiji yakan ce wa jikanyarsa, "Amarya, in kin sauko ba ki yi kuka ba, na ƙara miki sadaki." Da irin wannan magana an ƙi hawan, ba a kunyata kowa ba, yaron kuma ya tafi yana jin kansa babba. Wannan ne ya sa nake ganin ya kamata a riƙa gayyatar kakanni idan suna da ƙarfin fita, a nema musu inuwa da kujera kusa da inda ake gani. Uba sau da yawa alkunya takan hana shi sakin jiki, musamman da ɗan fari, amma kaka da kawu da gwaggo ba su da wannan takunkumi. Idan kai uba ne kuma yaranka suka yi dariya ganin ka sauko kana dafa ƙarfe, ka yi dariyar tare da su. Girmanka ba ya raguwa da haka, kuma sun koyi cewa furfura da ciwon gwiwa abubuwa ne da ake ambata ba tare da fushi ba.

Ba mamaki ka haɗu da abokin makarantar allo ko na firamare, shi ma riƙe da jakar ruwa da takalman yara. Ku gaisa, ku tambayi iyali, ku tsokani juna a kan tabarau da sanƙo gwargwadon sabonku. Iyakar ita ce kada a tono abin da zai zubar da mutum a gaban 'ya'yansa, kuma kada hira ta ɗauke idonka daga kan yaran, domin a irin wannan minti biyar ɗin ne ƙarami yake bin mai balan-balan.

Yaron da ya ji tsoro kada a tilasta shi, kada kuma a bar 'yan'uwansa su mayar da shi abin dariya. Raha tana halatta a kan babba da ya yarda da ita, amma yaron da aka ce masa matsoraci a bainar jama'a yana iya riƙe kalmar har girmansa. Ka ce masa, "Zo ka taya ni riƙon kaya, idan ka shirya sai ka faɗa mini." Sau da yawa bayan ya kalli zagaye biyu shi da kansa zai nemi hawa. Ka kuma tuna da yaran da ba su da mai kai su. Idan a maƙwabta akwai maraya ko ɗan gidan da ba hali, ka nemi izinin mahaifiyarsa ka haɗa da shi, ka yi masa duk abin da ka yi wa naka ba tare da nuna bambanci ba.

Ka tafi da ruwa mai yawa daga gida, ka riƙa ba su suna kurɓa tun kafin su ce ƙishirwa. Zoɓo da kunun aya da fura suna saurin lalacewa a zafi, don haka wanda aka yi a gida aka sa a kula ya fi aminci. Abinci mai nauyi a bar shi sai an gama hawa. Ka tambayi inda masallaci da ban-ɗaki suke tun da kuka shiga, idan lokacin salla ya yi manya su yi bi da bi don kada a bar yara su kaɗai. Hoto kuwa ka ɗauki kaɗan ka mayar da wayar aljihu, saboda yaron da ke kan dokin katako duk zagaye fuskarka yake nema ya ɗaga maka hannu.

Idan kun tarar wurin ya cika fiye da kima, ba dole ba ne a kutsa. Ana iya juyawa zuwa Gobarau, ko gidan tarihi da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 kuma Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu a cikinta, sai dai a tabbatar a buɗe yake ranar hutu. Mutanen Daura suna da Rijiyar Kusugu, inda yaro zai leƙa ya ji labarin Bayajidda da macijiya a wurin da ake danganta shi da shi. Sai a yi wa yara alkawarin komawa lilo wata rana ta mako, kuma a cika alkawarin.

Tashi shi ne mataki mafi wuya, kuma ana sauƙaƙa shi da sanarwa. Kimanin rabin sa'a kafin lokacin da ka tsayar, ka ce saura hawa biyu, kowa ya zaɓi nasa, sannan ka tsaya a kan maganarka ko da an yi magiya. Ku fita tun da sauran haske, kafin kiran magariba, lokacin da kowa zai nufi ƙofa a tare kuma masu Keke Napep su ƙara kuɗi. Ka sake ƙirga yaran a bakin ƙofa, ka ƙirga su bayan an shiga mota, ƙanana a tsakiya, babba a gefen da yake buɗe. Ɗan maƙwabta ka kai shi har cikin gida ka damƙa shi ga mahaifiyarsa, sannan ka duba ƙafafu da gwiwoyin naka ko akwai ƙujewar da ke buƙatar wankewa kafin su kwanta.